Muguntar Aro: Yadda Nake Kallon Matar Makbes

A cikin dukkan matan da marubuta wasannin ban tausayi suka ƙaga, ban san wadda ake saurin yanke wa hukunci kamar matar Makbes ba. Da an ambace ta sai ka ji an ce ai ita ce shaiɗaniyar nan da ta zuga mijinta ya kashe sarki, shi ke nan an rufe magana. Hatta wanda bai taɓa buɗe littafin ba ya haddace wannan hukunci, kuma har gobe a jaridun Turawa idan ana son a soki matar wani mai mulki da cewa ita ke jan akalarsa, sunan wannan mata ake laƙaba mata. Ni kuwa duk sa'ad da na koma wa wasan, wata mace daban nake tararwa, wadda ta san mijinta ciki da bai amma ta jahilci kanta. Muguntar da ta yi aiki da ita aro ta ɗauko, ta yafa na dare ɗaya, Bahaushe kuwa tuni ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ga wanda ya daɗe rabonsa da littafin, ga labarin a taƙaice. Wiliyam Shekspiya ya rubuta Makbes a wajajen 1606, shekara uku bayan Sarki Jemis na Sikotilan ya gaji sarautar Ingila, amma ba a buga wasan ba sai a 1623, marubucin yana da shekara bakwai a kabari. Makbes jarumi ne, babba a cikin mayaƙan Sarki Dankan na Sikotilan, kuma ɗan'uwansa na jini. Yana dawowa daga fagen fama tare da abokinsa Banko sai wasu matsafa mata uku suka tare su, suka yi masa albishir da sarautar ƙasar Kodo, sa'an nan da sarautar Sikotilan baki ɗaya. Shi kuma Banko aka ce ba zai yi sarki ba, amma zuriyarsa za su yi. Ba a jima ba albishir na farko ya tabbata. Sarki ya zo kwana a gidan Makbes da ke Inbanes, aka kashe shi cikin dare, Makbes ya hau gado, ya yi ta kisa don tsare abin da ya samu, har daga ƙarshe Makdaf ya sare kansa, Malkam ɗan Dankan ya karɓi gadon ubansa.

A cikin wannan wasa, wanda shi ne mafi gajarta a wasannin ban tausayin Shekspiya, fitowa tara kacal matar ta yi, kuma ko suna ba a ba ta ba. Da sunan mijinta ake kiranta daga farko har ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya yi tambaya: burin da ake ta zarginta da shi, burin wane ne?

Mun fara ganinta ne ita kaɗai, tana karanta wasiƙar da mijinta ya aiko mata yana ba ta labarin matsafan. Wasiƙar ta miji ce wanda ba ya ɓoye wa matarsa komai, wanda ya ɗauke ta abokiyar rabo a duk wata ɗaukaka da ke tafe, har yana ganin zalunci ne ya bar ta cikin duhu game da farin cikin da ke jiransu. Tana ninke takardar sai ta shiga feɗe halinsa, feɗewar da ban ga wani masanin adabi ya fi ta iyawa ba. A ganinta mijinta yana da buri, amma ba shi da ƙetar da buri yake bukata. Yana son abu mai girma, amma ta hanya mai tsabta. Ba ya son yin maguɗi, amma yana son ribar maguɗin. Duk abin da ya biyo baya a kashi na ɗaya ya gaskata ta. Sai dai a wannan doguwar maganar zuci ba ta ambaci abin da ita za ta samu ba. Kambin da take hange a kan mijinta take hango shi. Sau ɗaya, da ya iso gida, ta yi maganar mulkin da zai zama nasu su biyu, amma ko sau ɗaya ba ta furta cewa tana ƙishirwar a kira ta sarauniya ba.

Wannan shiru da gangan aka yi shi, domin littafin da Shekspiya ya ɗauko labarin daga ciki, wato tarihin Holinshed, bugu na 1587, ya faɗa ƙarara cewa matar Makbes tana cin wuta da son sunan sarauniya. Marubucin wasan ya ga wannan ya ajiye shi gefe. Ya ɗauko wani labari daban daga littafin nan, na wani hakimi mai suna Donwald wanda matarsa ta zuga ya sa aka kashe Sarki Duff a gidansa, ya ɗinka shi a jikin labarin Makbes. Ita kuwa matar ta ainihi, wadda ta rayu a ƙarni na 11, sunanta Gruoch, kuma jinin sarauta ce. Mijinta na farko an ƙone shi ne tare da mutanensa hamsin a 1032, ta auri Makbes tana da ɗa namiji mai suna Lulach. Dankan na tarihi ba tsoho ba ne, kuma a fagen yaƙi ya mutu a 1040. Makbes ya yi mulki shekara 17, har ya sami natsuwar zuwa ziyara birnin Rum a 1050, inda aka rubuta cewa ya yi wa matalauta ruwan kuɗi. Abin da takardu suka adana game da Gruoch shi ne kyautar fili da ita da mijinta suka yi wa wasu masu ibada na tafkin Leven. Amma Shekspiya yana rubutu ne a ƙarƙashin sarkin da ake jingina asalinsa ga Banko, sarkin da a 1605 aka yi yunƙurin tarwatsa shi da albarushi tare da majalisarsa. A irin wannan zamani dole kisan sarki ya fito a matsayin mafi munin zunubi. Saboda haka matar da muke magana a kanta ƙirar alƙalami ce, kuma duk abin da aka sa mata ko aka hana ta, da manufa aka yi.

To, a fahimtata burinta na gaske ne, kuma mai zafi, amma ƙofa ɗaya yake da ita, wato mijinta. A duniyar wasan maza ke yaƙi, maza ke samun sarauta, mace kuwa aikinta tarbar baƙi da shirya liyafa. Mace mai kaifin basira irin wannan, wadda ta fi mijinta saurin yanke shawara, ba ta da inda za ta zuba ƙarfinta sai a cikinsa. Shi ya sa take ɗokin ya iso domin ta ɗura masa abin da ke ranta ta kunne. Girmansa shi ne aikinta, shi ne sana'arta. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan ne daga baya za a sare ta.

Sai kuma wurin da ya fi kowane wuri jawo mata baƙin jini. Da manzo ya shigo ya ce sarki zai kwana a gidan a daren nan, sai ta juya ta kira miyagun ruhohi, ta roƙe su su cire mata matantaka, su cika ta da mugunta daga ka har tafin ƙafa, su daskarar da jininta, su toshe duk wata kafa da nadama za ta bi ta shigo, su mai da nonon ƙirjinta ɗaci, kuma dare ya yi duhun da ko wuƙarta ba za ta ga raunin da ta yi ba. Abin tsoro ne, babu musu, kuma na sha ganin ɗalibai sun yi tsit idan aka zo nan. Amma tambayar da nake yi musu ita ce: wa ke roƙon abin da yake da shi? Mai hatsi a rumbu ba ya zuwa rance. Da muguwa ce tun asali, da ba ta bukaci ta kira kowa ba. Iyago, mugun da ke cikin wasan Otelo, bai taɓa roƙon wani ruhu ya taurara masa zuciya ba; ƙeta a jininsa take, har nishaɗi yake yi da ita. Matar Makbes kuwa ta san akwai tausayi a cikinta, ta san zai iya tasowa ya ɓata shiri, shi ya sa ta nemi a danne shi. Kuskurenta shi ne zaton da ta yi cewa abin da aka danne ya mutu. Kuma a kula, duhu ta roƙa. Za mu sake haɗuwa da ita a kan batun duhu.

Ƙarfinta ya kai maƙura a fitowar ƙarshe ta kashi na ɗaya. Makbes ya fice daga wurin cin abinci, ya tsaya shi kaɗai yana lissafa dalilan da suka hana a taɓa Dankan: ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne wanda ya kamata shi ya tsare masa ƙofa, kuma sarki ne mai tawali'u da tsabtar hannu. Bahaushen da ya tashi da jin cewa baƙonka annabinka ba ya bukatar a yi masa sharhin nauyin dalili na uku. Amma da matar ta same shi, ko ɗaya daga cikin waɗannan bai faɗa mata ba. Cewa ya yi a bar maganar, domin sarki bai daɗe da karrama shi ba, mutane kuma suna yabonsa. Ya ji kunyar ya ce mata lamirinsa ne ya hana shi, ita kuwa ta gane haka nan take. Ba ta tsaya gardamar halal da haram ba. Ta fara da soyayya, cewa daga yau da wannan ma'auni za ta auna ƙaunarsa. Ta koma kan mazantaka, cewa a lokacin da ya yi ƙarfin halin kawo maganar ne yake namiji. Ga mutumin da aka buɗe wasan da labarin yadda ya tsaga abokin gaba daga cibiya zuwa muƙamuƙi, babu zagin da ya kai a ce masa matsoraci. Sa'an nan ta kawo maganar jariri: ta ce ta taɓa shayarwa, ta san daɗin ƙaunar ɗan da ke kan ƙirji, amma da ta yi rantsuwa irin wadda ya yi, da ta fizge shi daga nono ta hallaka shi.

An zubar da tawada mai yawa a kan wannan jariri, domin a wasan ba a ga ɗa ko ɗaya a gidan Makbes ba. Har a 1933 wani masani mai suna L. C. Knights ya rubuta maƙala wadda takenta ke tambayar yawan 'ya'yan matar, don ya yi wa masu irin wannan bincike ba'a. Ni abin da ya dame ni daban ne. Lokacin da take neman abu mafi muni da za ta iya kwatantawa da shi, abu mafi soyuwa a zuciyarta ta ɗauko. Matar da ba ta san ƙaunar ɗa ba, ba za ta ga wannan misali a matsayin iyakar sadaukarwa ba. Magana ce ta wadda ke yanka kanta don ta nuna wa wani cewa wuƙa ba abin tsoro ba ce.

Abin da ya karya Makbes a ƙarshe kuwa shi ne dabara. Da ya tambaya idan suka gaza fa, sai ta shimfiɗa masa shiri: za ta shayar da dogarai biyu masu tsaron ɗakin sarki giya har su fita hayyacinsu, a yi aikin da wuƙaƙensu, a shafa musu jini, da safe a ɗora musu laifi. Nan take ya amince, har yana yaba mata cewa irinta 'ya'ya maza kawai ya kamata ta haifa. A nan ba ni da wani uzuri da zan nema mata. Ta tarbi tsoho a ƙofar gida da kalamai masu zaƙi, ya kama hannunta suka shiga, daga baya har lu'ulu'u ya aika mata don godiya, alhali ta riga ta tsara mutuwarsa. Ta kuma shirya a kashe bayin Allah biyu a kan laifin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, ko gezau ba ta yi ba.

Amma a duba shirin da kyau. Ina ya tsaya? A wayewar gari ya tsaya. Babu tanadi game da Malkam, wanda sarki ya riga ya ayyana a matsayin magajinsa. Sa'a ce kawai ta sa shi da ƙanensa suka tsorata suka gudu, zargi ya bi su. Babu tanadi game da Banko, wanda ya ji albishir ɗin matsafa da kunnensa. Babu ko tunanin yadda mutum zai kwana da kansa bayan ya yi irin wannan aiki. Makbes mai hange ne, tun kafin ya ɗaga wuƙa yana ganin yadda jini ke jawo jini. Matarsa kuwa tana da ƙarfin niyya, amma ganinta bai wuce tsawon hannunta ba. Jarumtarta rabinta daga rashin hangen nan ta samo asali, kamar yaron da ke wasa da maciji.

Idan aka jera ta da takwarorinta na wasannin Girka sai bambancin ya ƙara fitowa. Kilaitamnestira, a wasan Agamemnon na Eskilas wanda aka fara nunawa a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, da hannunta ta kashe mijinta, tana da dalili kuma, domin ya yanka 'yarsu don jiragen yaƙi su sami iska. Ta tsaya a kan gawa tana alfahari, ta ci gaba da mulki. Midiya ta Yurifidis, a shekara ta 431, ta kashe 'ya'yanta don ta ƙona zuciyar mijin da ya ci amanarta, ta tafi abinta. Waɗannan mata an cuce su, kuma sun iya ɗaukar abin da suka aikata. Matar Makbes babu wanda ya cuce ta, babu wanda ta kashe da hannunta, kuma ta kasa ɗauka. Masu mayar da wasan fim sun sha jin wannan giɓi na rashin dalili, suna ƙoƙarin cike shi. Akira Kurosawa na Japan, a fim ɗinsa na 1957, ya sa matar ta tsorata mijin da cewa idan bai riga ubangidansa ba, ubangidan zai riga shi. A fim ɗin Indiya mai suna Maqbool na 2003, wanda Tabu ta fito a ciki, an mai da ita farkar uban daba, mai neman hanyar kuɓuta daga hannunsa. Duk sun yi kyau, amma sun sauƙaƙa abin da Shekspiya ya bari da wuya.

Tun a daren kisan rigar aron ta fara yagewa. Ta faɗa da bakinta cewa abin da ya bugar da dogarai shi ya ba ta ƙarfin hali, wato sai da ta kurɓa. Kukan mujiya ya razana ta. Sa'an nan ta saki maganar da ta tona asirinta duka: ta shiga ɗakin ta ajiye wuƙaƙe, ta ga sarki yana barci, kuma da bai yi kama da mahaifinta ba da ita da kanta ta gama aikin. Matar da ta ce za ta iya hallaka jaririnta, kamannin uba kawai ya tsayar da hannunta. Da Makbes ya fito a ruɗe, yana cewa ya kasa amsa amin, yana cewa ya ji murya tana shelar ya kashe barci, sai ta gargaɗe shi cewa irin wannan tunani zai haukata su. Ta karɓi wuƙaƙen da ya manta ya fito da su, ta koma ta shafa wa dogarai jini, ta dawo tana ce masa ɗan ruwa kaɗan ya isa ya wanke su. Shi kuwa a ganinsa ko teku ba za ta wanke hannunsa ba. A daren ita ce mai gaskiya a aikace, domin ba don ita ba da an kama shi da wuƙa a hannu. A kan abin da ya fi wannan kuwa shi ne ya gani daidai.

Da safe Makbes ya kashe dogaran nan biyu, abin da ba ya cikin shiri, ya tsaya gaban hakimai yana kwatanta gawar sarki da kalmomi masu ado. Sai ta faɗi a sume. Masana sun rabu: wasu sun ce dabara ce don ta janye hankali daga kansa, wasu sun ce suma ce ta gaske. Ni na fi karkata ga ta biyu, domin a wannan lokaci ne ta fara ganin mutumin da ta ƙera yana aiki ba da izininta ba.

Daga nan sai zamewa. Ta zama sarauniya, amma maganar zucinta ta farko a matsayin sarauniya ita ce an kashe komai ba a sami komai ba, har gara wanda aka kashe da mai zaman ɗar-ɗar. Yanzu sai ta aika bara ya nemo mata izinin ganin mijinta. Da ya zo, ya riga ya ɗauki hayar masu kashe Banko, da ta tambayi abin da za a yi kuwa sai ya lallashe ta da sunan shagwaɓa, ya ce ta zauna cikin rashin sani har ta ga sakamako ta yaba. Wannan shi ne mutumin da a farkon wasa ya kasa haƙurin isowa gida sai da ya aiko da wasiƙa. A wurin liyafa, da fatalwar Banko ta bayyana masa yana sambatu gaban manyan ƙasa, ta yi iya ƙoƙarinta: ta ce wa baƙi tsohon ciwo ne tun yana yaro, ta ja shi gefe ta sake zaro tsohon makaminta na gorin mazantaka. Wannan karon bai ci ba, domin ba ta ma san abin da yake gani ba. Ta sallami baƙi a gurguje. Da suka rage su biyu ba ta yi masa faɗa ba, gajerun amsoshi kawai take bayarwa, ta ƙare da cewa barci yake bukata. Ba a sake ganinsu tare ba.

Sigmund Freud, a wani rubutu na 1916 game da mutanen da cin nasara ke rusawa, ya kawo ta a matsayin misali, ya kuma karɓi ra'ayin cewa ita da mijinta kamar mutum ɗaya ne aka raba biyu: shi ya ji tsoron rasa barci, ita ta rasa, shi ya ga jinin da ba ya wankuwa, ita ta yi ta wanki. Akwai gaskiya a nan. Abin da zan ƙara shi ne, muddin ana bukatarta tana tsaye. Duk lokacin da Makbes ya raurawa, ita takan miƙe, domin akwai aikin yi, aiki kuwa yana hana tunani. Ranar da ya daina bukatarta, aka bar ta da abin da ta roƙi ruhohi su toshe.

A nan nake yawan saɓawa da ɗalibaina, musamman maza, waɗanda da an tambayi wa ya fi laifi sai su ce matar, har wani ya kawo zancen makircin mata. Nakan ce mu ƙirga gawa. Dankan, su biyu ne. Dogarai biyu, Banko, matar Makdaf da 'ya'yanta da duk wanda aka samu a gidan, waɗannan duk Makbes ne shi kaɗai, ba da shawararta ba. Kuma tun kafin ya gan ta, a filin da matsafa suka tare shi, tunanin kisa ya faɗo masa har gashin kansa ya tashi. Da aka naɗa Malkam magaji kuma ya ce wannan tudu ne da dole ya tsallake. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Sauƙin da muke ji wajen ɗora mata kaya duka yana faɗin wani abu game da mu masu karatu, domin ya fi daɗi a ce jarumi an ɓata shi ne, da a ce da ɓacinsa ya zo.

Ba ta fito ko sau ɗaya a kashi na huɗu ba. Da ta dawo a farkon kashi na biyar, tafiya take cikin barci, likita da wata mai yi mata hidima suna laɓe suna kallo. Hadimar ta ba da labarin yadda takan tashi ta ɗauko takarda, ta ninke, ta yi rubutu, ta karanta, ta liƙe, ta koma gado, duk tana barci. Da wasiƙa muka fara ganinta, ga ta kuma tana rubuta wadda ba mai karɓa. Ta ba da umarni kada a raba ta da fitila ko da yaushe, ita da ta roƙi duhu. Takan shafe rubu'in sa'a tana murza hannu, tana neman goge tabon da ba mai gani sai ita, tana jin ƙarnin da ta san babu turaren da zai kore shi. Maganarta a da waƙa ce mai tsari da ma'auni, kamar ta sauran manyan wasan. Yanzu zube ce, gutsattsari, dare daban-daban sun cakuɗe. Tana mamakin yawan jinin da ke jikin tsoho, abin da ba ta ce komai a kansa ba a daren da ta gan shi. Tana tambayar ina matar hakimin Fayif, wato matar Makdaf, wadda ba ta da hannu a kisanta. Wannan ya fi komai taɓa ni, domin ta ɗauki har laifin da ba a shawarce ta a kansa ba, ta san ita ta buɗe ƙofar. A ƙarshe tana miƙa hannu tana kiran mijin da ba ya nan su je su kwanta.

A zamanin Shekspiya yaro ne yake fitowa a matsayinta, domin mata ba su fara hawa dandamali a Ingila ba sai 1660. Wadda ta fi shahara da wannan matsayi ita ce Sarah Siddons, wadda ta fara yin sa a Landan a 1785. Kafin ita, al'ada ita ce 'yar wasa ta riƙe kyandir har ƙarshen fitowar. Ita kuwa ta dage sai ta ajiye shi domin ta murza hannu biyu, duk da manajan gidan wasan ya roƙe ta kada ta karya al'ada. Mutane sun san ta da kwarjini mai firgitarwa a wannan matsayi, amma a bayanan da ta rubuta, cewa ta yi tana hango matar a matsayin kyakkyawa mai taushin halitta, watakila ma mai rauni. Wadda ta shekara da shekaru tana sanye da rigar ta fi kowa sanin inda take da faci.

Mutuwarta a bayan fage ta faru. An ji kukan mata, wani bara ya shigo ya ce sarauniya ta rasu, Makbes ya ce da ma ta jinkirta zuwa lokacin da za a sami sararin irin wannan labari, ya zarce da maganar rashin ma'anar rayuwa ba tare da ya sake ambatonta ba. A jawabin rufe wasa Malkam ya kira ta sarauniya mai kama da shaiɗan, ya ce ana zaton ita ta kashe kanta. Wannan laƙabi shi ya bi ta shekara ɗari huɗu, alhali wanda ya raɗa shi ɗan mamaci ne, wanda rabonsa da ita tun safiyar da ya gudu daga Inbanes. Mutum biyu ne kawai suka ga abin da ta zama. Likitan ya ce ciwonta ya fi ƙarfin sana'arsa, malamin addini take bukata, ya yi addu'ar Allah ya gafarta musu baki ɗaya, ya ce a kawar da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi, ya kuma ce yana da abin da yake tunani amma ba zai iya furtawa ba. Hadimar ta ce ko da za a ba ta duk darajar sarauniya ba za ta yarda ta ɗauki irin wannan zuciya a ƙirjinta ba. Da Malkam ya shigo da rundunarsa, babu wanda ya nemi ɗayansu ya tambaye shi abin da ya gani.